Saƙon godiya ga waɗanda suka halarci zamanmu na Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin matasan unguwarmu, ina miƙa godiya ga iyaye, malamai da 'yan'uwa da suka amsa gayyatarmu ranar Lahadin da ta gabata, wajen zaman da muka shirya kan tarihin wakilcin Agege a majalisar dokokin jihar Legas. Kujeru sun ƙare tun kafin a buɗe da addu'a, har sai da aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Malam shugaban Islamiyya ya ba mu aji kyauta. Bai tambayi jam'iyyar kowa ba, sharaɗinsa kawai kada a zagi mutum, kuma a tashi kafin Magariba. Malam, Allah ya ƙara girma.

Godiya mafi yawa tana wajen Baba, dattijonmu da ya gaji fataucin goro daga kakansa a nan Agege. Ya zo da ƙafarsa mai ciwo, ya zaro wani tsohon katin jam'iyyar AD (Alliance for Democracy) daga cikin leda, gefensa duk ya cinye, hoton ya koɗe. Katin ya zaga hannu zuwa hannu, da yawa daga yaranmu ba su taɓa jin sunan jam'iyyar ba. Daga nan ya ɗauko tarihin Mudashiru Obasa, mai wakiltar mazaɓar Agege ta ɗaya. A 1999 kansila ne a ƙaramar hukumar Agege ƙarƙashin AD. Daga kansila ya wuce majalisar jiha a Alausa, ana ta sake zaɓensa, jam'iyyar kuma tana sauya riga: AC, sai ACN, sai APC a 2013. A 2015 'yan majalisa suka zaɓe shi kakaki bayan Adeyemi Ikuforiji, suka sake zaɓensa a 2019 da 2023.

Ba don yabo muka ɗauki tarihinsa ba. A cikin ajin akwai masu ƙaunarsa, akwai masu adawa da shi, kowa kuma ya faɗi nasa cikin mutunci. Mun ɗauke shi ne domin a ƙofar gidanmu abin ya faru, kuma ya isa a ga yadda mutum ke farawa daga gunduma.

'Yar'uwarmu lauya, wadda aka haifa a nan ta yi karatu a nan, ita ta warware mana rikicin 2025 dalla-dalla. Ranar 13 ga Janairu aka tsige Obasa daga kujerar kakaki yana ƙasar waje, aka ɗora Mojisola Meranda mai wakiltar Apapa ta ɗaya, mace ta farko da ta hau wannan kujera a Legas. Ranar 3 ga Maris ta sauka, ya koma. Abin da ta ja hankalinmu a kai shi ne, duk tsawon lokacin yana nan a matsayin ɗan majalisar Agege. Kujerar kakaki a hannun 'yan majalisa take, su 40 ne, biyu-biyu daga ƙananan hukumomi 20. Kujerar mazaɓa kuwa a hannun masu katin zaɓe take, wato mu. Ta kuma tuna mana cewa majalisar nan ce ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, ita ke tantance kwamishinoni, har a 2023 ta ƙi amincewa da mutum 17 cikin 39 da Gwamna Sanwo-Olu ya aika mata. Dokokin da ke taɓa ɗan acaba, mahauci da mai tireda ta nan suke bi. Amma ranar zaɓen shugaban ƙasa layi har titi, ranar zaɓen 'yan majalisar jiha kuwa da yawanmu muna kasuwa. Wannan ya daɗe yana damuna. Yaya, Allah ya ƙara basira.

Wani ƙanenmu ya miƙe ya ce, "Baba, a nan aka haife mu, muna jin Yarbanci kamar yadda muke jin Hausa, me ya hana a tsayar da mu?" Baba ya dube shi ya ce, "Ɗana, wa ya san ka a taron gunduma?" Ajin ya yi tsit. Baba ya ce tun kafin ranar zaɓe an gama rabin aiki a zaɓen fid da gwani, wanda ba shi da katin jam'iyya kuma ba ya cikin wannan lissafi. Da ɗan gari akan ci gari, mu ma kuwa 'yan gari ne, iyayenmu a nan aka binne su. Na gode wa wannan yaro da ya yi ƙarfin halin tambaya a gaban manya.

Maƙwabtanmu Yarbawa da suka zo suka zauna har ƙarshe, wasu ma ana fassara musu a kunne, kun karrama mu. Hajiya da matan layinmu sun kawo waina da kunun zaƙi ba tare da an roƙe su ba. Samarin da suka ɗauko benci, da wanda ya ara mana janareto da aka ɗauke wuta, Allah ya yi muku albarka.

Za a tura muryar zaman a zaurenmu na WhatsApp don waɗanda ba su samu zuwa ba. Zama na gaba kan mazaɓar Agege ta biyu ne. Duk dattijon da ke da tsohuwar fasta ko katin jam'iyya a ajiye, muna roƙon ya ara mana, za mu ɗauki hoto mu mayar masa da abinsa a ranar.

Allah ya mayar da kowa gida lafiya, ya ba Baba sauƙin ƙafarsa.