Idan wasiƙar hukuma ta iso banki

Ƙannena masu shiga aikin lauyan harkar kuɗi, yawancinmu mun taso da zaton a gaban alƙali ake cin shari'a. A wannan fage, tun makon farko ake yin ɓarnar, kafin kowa ya taka kotu.

Ranar da wasiƙar hukumar sa ido ta iso bankin da kake wakilta, kada ka yi gaggawar amsawa. Fara ba da umarni a rubuce cewa kada a goge komai: imel, muryoyin kiran waya da aka naɗa, har saƙonnin da ke wayoyin ma'aikata. Ka je sashen kwamfuta da ƙafarka, domin sau da yawa an saita na'ura tana share tsofaffin saƙonni da kanta, hukuma kuwa ba ta jin "ai na'ura ce ta goge". A Disamba 2021 SEC da CFTC, hukumomin sa ido kan kasuwannin kuɗi na Amurka, suka ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200, saboda ma'aikata suna harkar aiki ta WhatsApp da imel ɗinsu na kansu, bankin bai adana ba.

Sai batun sirrin lauya da wanda yake wakilta, inda ake yawan tuntuɓe. Kada ka ɗauka duk takardar da sunanka ya hau ta tsira daga idon abokin gaba. A shari'ar Three Rivers ta 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce ƴan tsirarun da aka ɗora wa neman shawarar lauya su kaɗai ne wanda ake wakilta, ba kowane ma'aikaci ba. Saboda haka tun ranar farko ka rubuta sunayen waɗanda za ku riƙa magana da su, ka hana a riƙa yaɗa shawararka. Manajan da ya zauna ya rubuta "yadda muka yi kuskure" da kyakkyawar niyya, ya ba ɗaya ɓangaren makami ne.

Abin da ya fi cin mutane kuma shi ne sanarwa, don kowa yana raina ta. A yarjejeniyar ISDA ta 2002, wato takardar bai-ɗaya da bankuna ke ƙulla wasu cinikayyar kuɗi a kanta, sashe na 12 ya hana aika sanarwar saɓa alkawari ko yanke ciniki ta imel. A kai ta hannu da hannu zuwa adireshin da ke cikin yarjejeniyar, a sa hannu, a rubuta lokaci. In ta isa bayan an tashi aiki, sai ranar aiki ta gaba take fara aiki. Duba kuma wace yarjejeniya ce a hannunka: wa'adin gyara gazawar biya kwana uku na aiki ne a ta 1992, kwana ɗaya a ta 2002.

In an kai rahoton zargin halatta kuɗin haram, bakinka alaikum. Ko da mai asusun yana ta kira yana tambayar abin da ya riƙe kuɗinsa, tsegunta masa laifi ne a ƙasashe da dama, a Birtaniya har da ɗauri.