Abin da aikin hayar motoci ya koya mini game da bas da safa

Lokacin da nake karatu a Birmingham na samu aikin wucin gadi a ofishin wani ƙaramin kamfanin hayar motoci. A makona na biyu wata makaranta ta nemi motar da za ta kai ɗalibai 40 Landan su kwana biyu, ni kuwa na rubuta musu bas, domin a wurina babbar mota duk ɗaya ce. Maigidana bai yi mini faɗa ba, sai ya ja ni gareji ya tsayar da ni tsakanin motoci biyu.

Ta farko ita ce wadda Turawan Ingila ke kira bas. Ƙofarta faffaɗa ce, daɓenta kuma dab yake da titi yadda tsoho ko mai keken guragu zai shiga ba wahala, ga sanduna ko'ina domin masu tsayuwa, amma babu inda za a ajiye ko da akwati ɗaya. An ƙera ta ne don wanda zai hau ya sauka bayan minti 10. Ta biyu suna kiranta koc, wato safar doguwar tafiya. Ya ɗaga murfin gefenta ya nuna mini rumbun kaya a ƙarƙashin kujeru, sannan muka hau matakala na ga kowace kujera da bel ɗinta, ga bayi, kuma ba a yarda kowa ya yi tafiyar a tsaye ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar da ke bin direban safa. Idan ya yi tuƙin awa huɗu da rabi dole ya huta na minti 45, akwai na'urar da ke rubuta lokacinsa, motar kuma an ɗaure mata gudu kada ta wuce kilomita 100 a awa. Da na tura bas ɗin nan, da yaran sun yi tafiyar kusan kilomita 200 a babbar hanya ba bel, jakunkunansu jibge a kan cinya.

Shi ya sa raina ke ɓaci duk lokacin da na ga an cusa fasinjoji da buhuna a ƙaramar Hiace daga Kano zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, direba ɗaya tilo, idanunsa sun yi ja tun kafin a bar tasha.