Talata, ranar cinikin tarakta

Yau aka ƙulla cinikin da muka daɗe muna maganarsa a gida. Na dawo a gajiye, amma ina so in rubuta yadda abin ya tafi tun ban manta ba, domin bashin da muka sa wa hannu zai zauna da mu damina uku.

Mun bar Saminaka bayan sallar asuba, ni da Kawu da bakaniken da ke duba mana injin ban ruwa. Muka ratsa dajin Falgore gari na wayewa, muka bi ta Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, muka shiga Kano hantsi ya ɗaga. Duk tsawon hanyar nan maganar bara Kawu yake yi. Ruwan shuka ya sauka da kyau, mun biya mai tarakta kafin alƙalami tun da rani, amma kowa a yankin rana ɗaya yake son haro. Kafin layi ya zo kanmu ciyawa ta rufe gona, masarar da aka shuka a makare kuma ba ta taɓa kamo ta farko. Ban ga laifin mutumin ba, mota ɗaya ce gare shi, ƙauyuka da yawa na jiransa. Kwanakin nan na farkon damina su ne duk abin da ya fito da mu, kuma da su na auna kowace mota da aka nuna mana yau.

A filin Alhaji mai sayarwa, taraktoci iri uku muka tsaya a kai. Ta farko tsohuwa ce 'yar Ingila, an sake mata fenti, kuɗinta bai kai rabin sabuwa ba. Zuciyata ta karkata gare ta, don da ita ba sai mun je banki ba. Bakanike bai ce uffan ba. Ya fara ɗora hannu a jikin inji ya ji ko an ɗumama shi kafin mu zo, ya tarar da shi da sanyi, sannan ya ce a tayar. Ta tashi, amma hayaƙin ya daɗe yana fita shuɗi-shuɗi, alamar inji na shan baƙin mai. Ya sa aka ɗaura mata haro, aka ɗaga sama, aka kashe inji. Muna tsaye muna kallo haron ya yi ta sauka a hankali har ya taɓa ƙasa. Ya duba agogon da ke ƙirga awoyin aikin inji, ya duba takalmin kulochi da ya suɗe har ya yi sheƙi, ya kalle ni ya ce, "Yallaɓai, awoyin da ke rubuce da ƙafar da ta taka wannan ƙarfen ba su yi daidai ba." Alhaji bai yi musu ba, ya ce haka ta zo masa, shi ya sa ya karya farashi. Kawu ya ce araha ba ta ado, muka wuce.

Ta biyu 'yar Indiya ce, mai ja da ƙafa huɗu, kuma mota ce ta gaske. Da yawa daga cikin taraktocin da ke shigowa masu ƙarfin doki 60 zuwa 75 daga can suke, har John Deere ma a birnin Pune na Indiya ake haɗa masu wannan girman, ga kuma Mahindra. Da shinkafa muke nomawa a fadama, inda taya ke nutsewa a laka, da ita zan ɗauka ko da za a ƙara shekarar biya. Amma gonakinmu na tudu ne, masara da dawa da waken suya, ƙasa mai ɗan jigawa. Ƙarin kuɗin ƙafa huɗun ya kusa sayen haro da rija, wato abin huɗa kunya, kuma gaban motar ya zama wani wurin da zai nemi gyara.

Ta uku ita muka ɗauka: Massey Ferguson 375, sabuwa, haɗin kamfanin Millat na Lahore a Pakistan. Ƙarfin doki 75, inji mai silinda 4 ƙirar Perkins, giya 8 gaba 2 baya, ja da ƙafa biyu. Ba ta da wani ƙyale-ƙyale, ba kwamfuta a cikinta. Tambayar da na yi wa bakanike ɗaya ce: in ta tsaya a tsakiyar gona a watan Yuni, yaushe za ta tashi? Ya ce in fanbel ne ko filta ko nozul, yaronsa zai hau babur ya samo a kusa. In abin ya fi haka, Zariya ko Jos ko Kano, a dawo a wuni ɗaya. Ya ce injin nan tun yana yaron shago yake kwance shi yana ɗaurawa. Wannan amsar ta fi mini duk abin da ke cikin takardar talla. Kawu ya tuna zamanin da ake haɗa Steyr a Bauchi, ake haɗa Fiat a nan Kano, ya ce ya ga taraktoci da yawa da suka mutu a bayan sakatariya ciyawa ta cinye su, alhali abin da ya kwantar da su bai fi a riƙe a tafin hannu ba, an dai rasa inda za a samo shi ne.

Kafin mu bar motar bakanike ya karanta lambobi huɗun da ke jikin kowace taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, don akwai sabuwar motar da ta daɗe a rana har roba ta fara tsagewa. Ya kwafi lambar inji da ta jiki a takarda, muka gwada da abin da ke cikin takardun kwastan. Suka yi daidai.

Inda muka fi daɗewa shi ne wajen kayan aiki, kuma a ganina nan ne mutane da yawa ke yin sakaci. Mutum ya zuba duk kuɗinsa a mota, ya koma gida da ita kamar bijimin huɗa ba garma. Alhaji ya jera mana garma mai faifai uku, haro, rija, injin shuka, tankin feshi da tirela. In aka haɗa su duka, kuɗinsu ya doshi rabin na motar. Dole a zaɓa.

Haro ba gardama a kansa, shi ne aikin da kowa ke nema da zarar ruwa ya sauka. Akwai mai faifai 16, akwai mai 18, akwai wanda ya fi haka faɗi. Alhaji ya so mu ɗauki babban, ya ce zai fi cin gona a wuni. Bakanike ya ce mota mai ƙafa biyu in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, taya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana cin gas, gaba kuma ya riƙa ɗagawa a juyi. Muka tsaya a kan mai 16, amma mai kauri. Ya bi faifan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya girgiza kowane boris, ya ƙirga wuraren zuba giris. Ya ce boris ɗin haro shi ke fara mutuwa saboda ƙura, don haka na sayi biyu na ajiya nan take.

A kan garma ne ni da Kawu muka saɓa. Shi yana ganin tarakta ba garma ba ta cika ba. Ni kuma na ce gonakinmu an daɗe ana noma su, ba kututture, ba saiwa, haro sau biyu ya ishe su. Kaftu mai zurfi kowace shekara a ƙasa irin tamu yana cin mai da yawa, yana kuma sa ruwa ya kwashe ƙasar sama. Maƙwabta ma da wuya ka ji wani ya nemi kaftu, haro da huɗa suke biya. Ya yi shiru jim kaɗan ya ce, "To ɗana, in muka buɗe sabuwar gonar can ta bayan rafi fa?" Na ce, "Kawu, ranar sai mu yi hayar garma ta mako ɗaya, ya fi mu biya kuɗinta da riba tana jingine." Ya yarda, amma na san bai gamsu duka ba, kuma yana da hujja: in aikin haya ya kai mu inda ƙasa ke da tauri, za mu dawo mu saya.

Rija kuwa sai da muka sa awo. Malaman gona, tun daga na cibiyar binciken noma ta Samaru har wanda ke zagayo mana, santimita 75 suke cewa a bari tsakanin kunya da kunya a gonar masara. Rijar da aka fara nuna mana an ɗaure faifanta da faɗi fiye da haka. Bakanike ya sa aka kwance aka matso da su. Sannan ya ce a gyara tazarar tayoyin motar ta zama santimita 150, wato kunya biyu cif, don taya ta riƙa bin kwari ba ta taka abin da aka huɗa ba. Yaran Alhaji suka yi alkawarin juya tayoyin baya kafin a ɗora ta a babbar mota. Abin nan ƙarami ne a ido, amma in ba a yi shi ba, shanun da za su shiga ban ƙasa daga baya ba za su sami layi madaidaici ba.

Injin shuka da tankin feshi mun bar su sai wata shekara. Tirela kuma ba ta Alhaji muka saya ba. Bayan azahar muka je wurin masu walda da ke ƙera ta a nan cikin gari, mai ɗaukar tan 5, wato buhu 50 na masara in buhu kilo 100 ne. Na nace a kan tirela saboda aikin haro da huɗa 'yan makonni ne, sauran shekara fa? Da kaka za ta kwaso amfanin gona, da rani ta kai taki gonaki, ta ɗauko yashi da bulo, ta kai kaya kasuwa. Da ita nake sa ran biyan direba da juyen mai a watannin da ba noma. Mun ba da rabin kuɗin, da sharaɗin sabuwar taya da ƙarfen ƙasa mai kauri, bakanike zai zo ya gani kafin a shafa fenti.

Ciniki da Alhaji bai yi tsawo ba. Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, masu shigo da kaya ba sa riƙe farashi ya daɗe, takardar da ya rubuta mana ma ta 'yan kwanaki ce. Kawu ya taya, Alhaji ya ce albarka, aka ɗan ja. Da na ga kuɗin ba zai sauka sosai ba sai na juya wajen abin da za a haɗa mana: juyen mai na farko bayan awa 50 na aiki da mai da filta a kansa, ƙarafan nauyi na gaba, da murfin sandar bayan mota da ke juya injin casa da makamantansa. Sandar nan tana juyi 540 a minti ɗaya, mu kuma mutanen riga mai faɗi ne, ga yara da ke taruwa duk inda ake casa. Na ce ba zan karɓi mota ba sai da murfin. Alhaji ya ce, "Na sallama, Allah ya sa alheri." Muka yi musafaha.

Daga nan sai banki. Tun makonnin baya suka amince da takardunmu, yau takardar farashi kawai muka kai da sa hannu. Kawu ya ce ko gonar za ta kwana ba shuka ba zai taɓa bashin ruwa ba, ni ma ra'ayina ke nan, shi ya sa muka bi ta bankin Musulunci, irin waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan tun 2012. Tsarin murabaha ne: banki ya sayi motar da haro da rija daga Alhaji, su zama mallakarsa, sannan ya sayar mana da ribar da aka faɗa a fili. Jimillar ba ta ƙaruwa ko dala ta tashi. Mun ajiye kashi 30 cikin 100, kuɗin masara da waken da muka riƙe tun kaka, da gudunmawar Yaya. Akwai takaful, wato inshorar Musulunci, a kan motar duk shekara, da takardar gona ɗaya a matsayin jingina. Ribar ba kaɗan ba ce, na lissafa ta da buhuna na ji nauyinta a ƙirjina. Amma na san adadinta tun yau, kuma wannan ya ba ni natsuwa.

Abin da na tsaya a kai da ƙarfi shi ne lokacin biya. Takardar farko biyan wata-wata aka rubuta. Na ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, ni ba albashi nake ɗauka ba. A watan Yuli duk abin da ke hannun manomi ya tafi taki da gas da 'yan ƙodago." Saurayi ne mai haƙuri, ya saurara, ya shiga ciki ya dawo. Aka mayar da shi biya biyu a shekara: ƙarami a Agusta daga kuɗin haya, babba a Fabrairu. Na zaɓi Fabrairu ne don kada a tilasta mana zubar da masara a Nuwamba, lokacin da kasuwar Saminaka ke cike kowa na sayarwa. Ya kuma bayyana cewa in an yi jinkiri akwai tara, amma ba ta shiga ribar banki, sadaka ake yi da ita. Kawu ya sa aka maimaita masa wannan da Hausa kafin ya dangwala hannu.

Wasu sun ba mu shawarar mu sayar da bijimai mu rage bashi. Kawu ya ƙi, ni ma ina bayansa. In masara ta kai gwiwa tarakta ba ta da wurin shiga, shanu ne za su yi ban ƙasa, ga taki da suke bayarwa.

A hanyar dawowa muka yanke cewa ɗan Yaya ne zai tuƙa, amma sai ya zauna wurin wani tsohon direba ya koyi saita haro da rija tukuna, kuma gas daga gidan mai ɗaya za a riƙa saye, a bar shi ya kwanta a duro kafin a zuba, don ruwa da datti su ke kashe famfon inji. Banki zai tura mutum ya duba motar gobe sannan ya biya Alhaji, ana sa ran ɗoro ta ranar Asabar. Kafin nan sai an ɗaga rumfar bayan gida don bututun hayaƙi ya shige. Maƙwabta sun riga sun fara kira suna neman a rubuta sunansu. Na ce wa kowa gonakin gida ne farko, sannan waɗanda ke kusa da juna a jere don kada mai ya ƙare a hanya, kuma ba zan karɓi kafin alƙalamin kowa ba sai ni da Kawu mun zauna mun tsayar da kuɗin eka.