Tarihin Rayuwata, Kashi na Biyar: Nafada da Kogin da Ya Raine Ta

A makon da ya gabata na tsaya ne a daidai lokacin da mahaifina ya kai ni wurin kakana a Nafada, ina ɗan shekara tara. Kafin in ci gaba da labarin karatuna, ya zama wajibi in bayyana wa mai karatu garin kansa, domin wanda bai san kogin Gongola ba ba zai fahimci mutanen da suka raine ni ba.

Nafada tana arewacin jihar Gombe, gaba da Bajoga, a yankin da kogin yake yin babbar lanƙwasa. Ruwan yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, ya nufi arewa maso gabas kamar Barno zai tafi, sai ya karkata kudu har ya haɗu da Binuwai a Numan. Da damina yakan cika ya tumbatsa, sai an shiga kwalekwale. Da rani kuwa ya janye ya bar yashi da fadama, inda kakana yake noman albasa da tattasai. Har yau ina jin sanyin wannan yashi a tafin ƙafata, mun sammako bayan sallar asuba, yana gaba da buhu a kan jaki, ni ina biye da kwando.

A kan wannan hanya ce ya fara ba ni tarihin garin. Wata rana ya tsaya ya nuna mini gaɓar kogi da sandarsa, ya ce: "Jikana, nan da kake gani, Sarkin Gombe ya taɓa zama a garin nan." Na ce: "Kaka, a wannan ɗan garin namu?" Sai ya yi murmushi kawai. Bayan na girma na tabbatar da maganarsa. A shekarar 1903 aka yi yaƙin Burmi, ba nisa da mu sosai ba, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a hannun sojojin Ingila. Daga nan Turawa suka kafa sansani a Nafada, saboda idan ruwa ya cika ana iya kawo musu kaya ta kogi daga Binuwai. A 1913 suka ɗauke hedikwatar masarauta daga Gombe Abba, garin Buba Yero wanda ya kafa masarautar, suka kawo ta nan, amma shekara shida kacal ta yi, domin a 1919 aka mayar da ita Doma, wato birnin Gombe na yanzu. Da layin dogo na Maiduguri ya zo, ta Bajoga ya bi, haka ma kamfanin siminti a Ashaka aka gina shi. A ganina kogin da ya jawo wa garin ɗaukaka shi ne aka daina buƙata, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Sai dai kasuwa ba ta mutu ba. Ranar da take ci, za ka ji Bolanci da Fulatanci da Hausa a rumfa ɗaya, masunta sun baje bandar tarwaɗa, matan Fulani sun jera ƙoren nono, dillalai kuma suna cusa hannu cikin riga suna ciniki a kara. Kakana ba ya sayar da albasarsa sai rana ta ɗaga, lokacin da fatake masu mota suka iso. Yakan zaunar da ni kusa da mai awo in riƙa ƙidaya tiya, kuma a nan na koyi lissafi kafin in taɓa riƙe alli.

A wannan rumfa ce wani malamin firamare ya ji ina ƙidaya, ya tambayi kakana ko an sa ni a makaranta. Amsar da kaka ya ba shi ita ce za mu fara da ita a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.