Baba da shayin la'asar

Wata 14 ke nan da aka yanke wa Baba wani yanki na babban hanji a Yamai, saboda ciwon daji. Alhamdu lillahi, hoton baya-bayan nan bai nuna komai ba. Amma da muka dawo Tawa, ciwon sukarinsa da muka yi wa riƙon sakainar kashi ya taso mu gaba.

Da laifinmu a ciki, wallahi. Bayan aikin, cikinsa ba ya ɗaukar wake da ganye, sai muka koma farar shinkafa, burodi da kunu mai zaƙi, mu dai ya yi ƙiba. Wata safiya na huda masa yatsa kafin ya karya, na'urar awon sukari ta nuna giram 2,40 a litar jini. Daga 1,26 ake cewa mutum na da ciwon. Hannuna har rawa yake.

Likita ta sa gwajin HbA1c, wato awon jinin da ke nuna matsakaicin sukari na watannin baya, duk wata 3, ta ce a riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, tunda maganin dajin da sukarin duk suna kashe jijiyoyin ƙafa. Ƙaya ma ta taɓa sukarsa bai ji ba.

Shayi ne ya fi yi masa zafi. Shekara 40 yana ɗora buta kan gawayi bayan la'asar. Yanzu kofi ɗaya, ba sukari, sannan mu taka zuwa masallaci. Jiya ya kurɓa, ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ɗacin nan na fara sabawa da shi." Sai da na shiga ɗaki na share hawaye.