Hali Zanen Dutse Ne, Amma Wa Ya Zana Shi?

Kawuna ya fi shekara talatin yana sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada da ke Jos, kuma tun ina ƙarami nake bin sa can idan an ba mu hutu. Duk wanda ya taɓa sayen buhu ya san dabarar da wasu ke yi, wato a zuba ƙanana da masu tabo a gindi, sannan a jera manya masu sheƙi a baki. Shi kuwa idan aka sauke masa kaya daga Bokkos ko Mangu, sai ya zazzage buhun a ƙasa, ya tsuguna ya tsince ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da sauran yadda suka zo hannu, ta yadda gindin buhu da bakinsa duk ɗaya ne. Wata safiya cikin hunturu, sanyi ya sandare mana yatsu, na ce masa, "Kawu, me ya sa kake wahalar da kanka, alhali babu mai zazzagewa kafin ya biya?" Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Ɗan nan, hannuna ne ba ya iyawa."

Sai da na girma na fahimci cewa wannan gajeriyar amsa ta faɗa tsakiyar wata tsohuwar muhawara. Masana falsafar ɗabi'a sun daɗe suna sa-in-sa a kan abin da ke sa aiki ya zama nagari. Immanuel Kant na Jamus, wanda ya rasu a 1804, ya kafa ginshiƙinsa a kan wajibi: ka yi abin da za ka yarda ya zama doka ga kowa. Jeremy Bentham da John Stuart Mill na Ingila suka ce a duba sakamako, a auna amfani da cutarwa. Kawu bai ambaci doka ba, bai kuma lissafa ribar da gaskiya za ta jawo masa ba. Ya yi magana ne a kan irin mutumin da ya zama, kuma wannan ita ce hanyar Aristotle na Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa.

A wurin Aristotle, nagarta ba gado ba ce, sabo ne. Ya ce kamar yadda magini ke zama magini ta hanyar yin gini, haka adali ke zama adali ta hanyar yawan aikata adalci. Ya kuma ce kowace nagarta tana zaune ne tsakanin gefe biyu: jarumta tsakanin ragwanci da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci. Wannan tunani bai tsaya a Girka ba. Ibn Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya shigo da shi cikin rubutunsa na Larabci, sannan Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi masa bayani a cikin Ihya'u Ulumiddin, littafin da malamanmu na zaure suka sani sarai. Gazali ya ce ɗabi'a wani yanayi ne da ya kafu a zuciya, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon nazari ba. A ma'auninsa, wanda sai ya yi kokawa da ransa kafin ya ciro kyauta bai kai a kira shi mai karamci ba tukuna, yana kan hanya ne. Da na karanta wannan, hannun Kawu ne ya faɗo mini a rai.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Idan za mu yabi mutum, ba mu cewa ya kiyaye doka, cewa muke yi mutumin kirki ne. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa, inda ya tattaro abubuwan da Bahaushe ke nufi da hakan, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Amma a nan ne nake da ja da karin maganarmu da ke cewa hali zanen dutse ne. Sau da yawa muna kawo ta ne don mu yanke ƙauna daga wani, ko mu wanke kanmu. Gazali ya yi raddi ga masu wannan ra'ayi, ya ce da hali ba ya canzawa da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, alhali ana horar da shaho ya saba da mutum, ana kuma horar da doki mai tutsu ya yi laushi. Mun ma manta cewa mu ne muka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai suka mai nauyi da bai kamata a kauce mata ba. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Darley da Batson, suka wallafa gwajin da suka yi da ɗaliban kwalejin horar da limaman coci a Princeton ta Amurka. An tura kowane ɗalibi ya je wani gini ya yi jawabi, aka kuma ajiye wani mutum a hanya yana tari da nishi. Cikin waɗanda aka ce suna da sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari sun tsaya taimako, amma cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 kacal suka tsaya. Wasu suka ce wannan ya nuna yanayi ke juya mutum, ba hali ba. Ba zan ƙaryata su gaba ɗaya ba, domin ni kaina na taɓa wuce wani ɗan acaɓa da ya faɗi a kan titin Bauchi saboda na makara zuwa aiki, na bar wa na bayana, kuma har yau abin yana ci mini rai. Sai dai ina ganin gwajin ya nuna ne cewa kafaffen hali ya fi ƙaranci fiye da yadda muke zato, bai nuna babu shi ba, tunda a cikin masu gaggawar ma an samu wanda ya tsaya.

Mu mutanen Filato mun ga misalinsa. A watan Yuni na 2018, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyukan Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekara 83, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, mata a gidansa, maza a masallaci, ya kuma tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. A irin wannan sa'a babu damar buɗe littafi ko auna riba da asara. Abin da mutum ya shekara yana sabawa da shi shi ne ke fitowa.

Yanzu Kawu ya manyanta, gwiwa ba ta barin sa tsugunno, wani yaro ɗan maƙwabta ne ke cika masa buhu. Da na leƙa kasuwar a watan jiya, na tarar yaron ya ware manyan dankali gefe guda zai ɗora a sama. Kawu bai yi masa faɗa ba. Ya miƙa sandarsa ya tura tarin cikin sauran, ya ce, "Sake zubawa." Yaron ya gaya mini cewa wannan ne karo na uku a safiyar.