Yau soket mai lamba 19 ya ci amanata

Talata, bayan isha'i. Da hannu ɗaya nake danna wayar nan, ɗayan yana naɗe da bandeji, in an ga rubutun ya karkace a yi haƙuri.

Da safe wani Alhaji kwastomanmu ya kawo Honda Accord ɗinsa, wadda ake ce wa Baby Boy, a canza masa tayimin bel tun kafin ya tsinke masa a hanyar Katsina. Duk bakaniken da ya taɓa wannan aikin ya san ba bel ɗin ne matsala ba, notin fulin kiranshaf ne, wato babban notin da sai an kwance shi a kai ga bel ɗin, lamba 19, wannan notin kamar da gayya Honda suka ɗaure shi. Kuma dabarar da muke yi wa Toyota, a tokare handil da ƙasa a ɗan taɓa sitata ya warware da kansa, ba ta ci a nan, don injin tsofaffin Honda baibai yake juyawa, in ka yi haka ƙara ɗaure shi ma za ka yi. Sai dai a riƙe fulin a sa ƙarfi.

To ni kuma sai ga ni da sabon set ɗin soket, ƙarafan nan da ake kifawa a kan noti a kwance shi, da na saya wata biyu da suka wuce, akwati ja mai kyau, kowanne da gurbinsa, sai ƙyalli suke kamar kwanukan jeren amarya, an buga Germany ɓaro-ɓaro a jikinsu har da Chrome Vanadium. Na zaro 19 na ɗora a fawa handil, na zura fayif mai tsawo, na ce wa yarona riƙe fulin da kyau, na hau da dukkan nauyina. Ji kake ƙas! Wallahi na ɗauka notin ne ya saki har na fara cewa alhamdu, ashe soket ɗin ne ya dare gida biyu kamar an ɓare gyaɗa, hannuna ya tafi ya daki ƙarfen ƙasan mota, fatar bayan yatsu uku ta saluɓe. Yaron nan har ya ruga ya ɗauko man birki wai a zuba, na ce kai ajiye, wannan al'adar tamu ta gareji ni na daina ta, na wanke da ruwa da sabulu na tsallaka kemis aka naɗe min aka yi min allurar tetanus.

Abin da ya fi ciwon ɓata min rai, da na dawo na duba kan notin, kusurwa biyu sun fara cinyewa. Soket ɗin mai haƙora 12 ne, irin nan da ke kama noti ta bakin kusurwa kawai, ga shi kuma dama yana ɗan lilo a kai, to da ƙarfi ya zo sai ya zame ya lashe kan kafin ya fashe. A nan kam ba zan ɗora wa mai shago laifi duka ba, na san noti mai tauri mai haƙora 6 ake sa masa, ganda ce ta hana ni tashi in nemo.

Na tafi rumfar maigidana, wanda na koyi aiki a hannunsa, yanzu tsufa ya zo ba ya shiga ƙarƙashin mota sai dai ya zauna a benci yana ba yara umarni. Na durƙusa na gaishe shi, ya kalli bandejin ya kalli ɓallin soket ɗin da na riƙo, bai ce sannu ba sai da ya gama dariya. Ya ce kawo in gani. Ya juya wajen karayar ya nuna min, cikin ƙarfen garas-garas kamar tsakin masara, ya ce "wannan ai ba a bugi ƙarfen nan ba, zuba shi aka yi kamar tukunyar dalma aka shafa masa hoda." Na ce Baba an rubuta Germany fa. Ya ce ko Makka aka rubuta.

Sai ya sa aka jawo akwatinsa na ƙarfe. Kayan nan tun zamanin da Peugeot 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna ta cika gari yake aiki da su, akwai Gedore, akwai Elora, akwai wasu King Dick 'yan Ingila masu awon inci da ya ce na tsofaffin Land Rover da Bedford ne, yanzu ba motar da ke cin su amma ya ƙi rabuwa da su. Duk sun yi baƙi, ba ƙyalli ko ɗaya, amma ka sa sifana 13 ɗinsa a noti ka ji ta zauna daram ba motsi. Ya ba ni aron baƙin soket mai kauri, 19, haƙora 6, da sharaɗin in dawo da shi kafin magariba, ya ce ba yaro zan aiko ba, ni da ƙafata. Da shi da fayif ɗin nan dai, bugu ɗaya notin ya yi ƙara ya saki. Kafin azahar mun ɗaura sabon bel, na sa Alhaji ya sayi wani notin ma don ba zan mayar masa da mai cinyayyen kai ba, gobe wani bakaniken ya zage ni a bayan idona.

Bayan la'asar na hau adaidaita na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ta nan Kano da ɓallin a aljihu. Mai shagon da ya sayar min ya karɓa ya juya shi ya ce "Oga ai ka sa fayif." Na ce na sa. Ya ce to ai ka ga. Na ce amma ranar da zan saya kai ka ce min orijinal ne ko tirela ya kwance. Sai ya yi murmushi ya ce orijinal ɗin ai hawa-hawa ne, akwai na ɗaya akwai na biyu akwai na uku, kuɗin da na zo da shi ranar na uku ya isa. Kai jama'a. Ban ja ba, don in za a bi gaskiya ranar ya fara nuna min wani set ɗin na ji kuɗin na ce a'a kawo mai sauƙi, ni na zaɓi arha da bakina.

Kuma fa ba wai duk ɗan China ne banza ba, kar a ce na ce. Ina da filaya da sukundireba na Ingco da na Total da suka shekara biyu a hannuna lafiya lau, kuma ba su ɓoye inda aka yi su ba. Wanda ke ƙona min rai shi ne marar suna da ke aron sunan Jamus, shi ne za ka ga fentin azurfar yana ɓarewa yana yankar yatsa, bakin sifana ya buɗe tun a noti na uku, 12 ta koma 12 da rabi ta dinga cinye kan notin mutane.

Daga nan na zaga wajen masu kayan Beljiyam, waɗanda ke zube tsofaffin sifanu a kan buhu a ƙasa kamar tumatir. Nan ne ake tsintar dami a kala in mutum yana da haƙurin tsugunno. Na zo da notina 17 da 19 a aljihu, dabarar Baba ce, duk wadda na ɗauka sai na gwada ta a kai, in ta yi lilo in ajiye. Na kuma roƙi magagari na ɗan goga a gefe, ƙarfen kirki magagari zamewa yake a kansa, na banza kuwa nan take za ka ga gari yana zuba. Wasu na cewa a jefar a siminti a ji ƙara, mai kyau yana yin ƙararrawa, ni dai kunnena bai kai nan ba, duk ƙara ɗaya nake ji. Na fi minti arba'in ina tona, na samu ring sifana Gedore 17 da 19 a haɗe, da baƙin soket 19 da 21 masu haƙora 6, 21 ɗin saboda notin tayar Toyota. Kuɗin guda ukun nan ya kusa kamo abin da na biya set ɗin nan gaba ɗaya mai guda ashirin da wani abu, sai da na ji a ƙirjina lokacin da nake tura kuɗin, amma na tura. Na so in haɗa da Torx, masu baki kamar tauraro, saboda masu Golf da Sharan da suka fara yawa a wajena, aljihu ya ce sai wani watan.

A adaidaita ina dawowa nake lissafi, daga 17 zuwa sama inda ake sa ƙarfi ba zan ƙara sayen na akwati mai ƙyalli ba, gara in dinga tsinta ɗaya-ɗaya. Amma 8 da 10 da 12 kam na arha zan ci gaba da saya, don waɗannan ba karyewa suke ba, ɓata suke. Sifana 10 a garejinmu kamar tana da ƙafa, bana kaɗai na sayi ta fi biyar, wata ta faɗa cikin inji ta tafi da motar kwastoma, wata maƙwabci ya ara shi ke nan an yi sadaka.

Na mayar wa Baba soket ɗinsa ana kiran magariba, ya ƙirga kayan akwatinsa a gabana kamar bai yarda da ni ba, sannan ya karɓi Gedore ɗin da na sayo ya gwada a noti ya gyaɗa kai, ya ce in sa mata alama tun kafin ta yi fiffike. Na dawo gareji na sa giranda na yi wa kowanne tsaga biyu a gindi, na kulle su a durowar da makullinta ke wuyana. Ina cikin rufe rumfa yarona ya zo yana sosa ƙeya, wai Oga tun ɗazu yake neman 10 bai gan ta ba.